Abin da na shaida a digirin farko na ilimin halayyar ɗan Adam

Duk wanda ya ji cewa ka karanci ilimin halayyar ɗan Adam, tambayarsa ta farko ɗaya ce: to yanzu ka san abin da ke raina ke nan? Na yi digirin farko a wannan fanni, daga baya kuma na daɗe ina duba kundin ɗalibai masu kammalawa, saboda haka shaidar da zan bayar ta wanda ya ga abin ciki da bai ce. Babu kwas ɗin karanta zuciyar mutane. Abin da ake koyarwa shi ne yadda za a auna abin da ido ba ya gani, irin su mantuwa da tsoro da kaifin basira, da yadda mai awon zai gane lokacin da awon nasa ya yaudare shi. Sauran darussan duka, komai daɗinsu, a kan wannan suke tsaye.

Karatun shekara uku ne a wasu ƙasashe kamar Ingila, huɗu a wasu kamar Amurka. Sunayen kwasa-kwasan sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma gaɓoɓin kusan ɗaya ne, kuma jerin da ake bi ma bai cika sauyawa ba.

Shekarar farko ta gabatarwa ce da tarihi. A nan ɗalibi yake jin cewa a 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig na Jamus, kuma daga wannan shekara aka saba lissafa fannin a matsayin kimiyya mai cin gashin kanta, bayan ya daɗe a inuwar falsafa. Aikin da aka riƙa yi a ɗakin ba shi da armashi a kunne: a buga ƙara, mutum ya danna maɓalli, a auna tazarar da ke tsakani. Amma abin da ke ƙarƙashinsa babba ne, wato tunani yana cin lokaci, lokacin kuma yana aunuwa. Wasu manhajojin sukan koma baya fiye da haka, su ambaci Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934, wanda ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili, da Ibnul Haisam da bincikensa a kan gani. A ganina manhajar da ta tsallake su ta tauye ɗalibi. Sigmund Freud kuwa, wanda sunansa ya fi na kowa yawo a bakin jama'a, mako ɗaya ko biyu yake samu, galibi a darasin tarihi ko na ɗabi'u. Dalilin shi ne yawancin da'awoyinsa ba su gwaduwa: in mutum ya yarda da fassarar da aka yi wa halinsa an ce ta tabbata, in ya musa an ce musun nasa ma hujja ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne darasin hanyoyin bincike da ƙididdiga. Ana fara shi tun shekarar farko, kuma ba ya sakin ɗalibi har ranar da zai miƙa kundinsa. Mafi yawan waɗanda na ga sun sauya fanni, a nan suka karaya, domin sun shigo suna zaton sun rabu da lissafi.

Bari in nuna yadda gwaji ɗaya yake tafiya. A ce ana so a san ko ƙarancin barci yana rage tuna abin da aka karanta. Matakin farko, a fayyace kowace kalma ta yadda za ta aunu. "Ƙarancin barci" ya zama awa 4 a dare maimakon awa 8. "Tunawa" ta zama adadin kalmomin da mutum ya iya rubutowa daga jerin kalma 30 da aka ba shi minti 5 ya karanta. Mataki na biyu, a raba mahalarta gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ko da jefa kwabo ne ko lambobin da kwamfuta ta zaɓa. Wannan ƙuri'ar ita ce ran gwajin. Idan aka bar mutane su zaɓi rukuninsu, waɗanda suka saba da rashin barci za su taru a gefe ɗaya, sai ya zama ba a san ko barcin ne ya kawo bambancin ko sabo ba. Na uku, a daidaita duk sauran abubuwa: jeri ɗaya, ɗaki ɗaya, sa'a ɗaya ta rana. In aka gwada rukuni ɗaya da safe ɗaya da yamma, lokacin ya shiga tsakani ya ɓata sakamakon. Na huɗu, wanda zai duba amsoshin kada ya san rukunin mai takardar. Ba zargin ha'inci ba ne. Kalmar da aka rubuta ba ta fito sosai ba, mai dubawa zai ba ta maki ko ya hana gwargwadon abin da yake fata, bai ma sani ba.

Ana kafa hujjar wannan da labarin wani doki a Jamus mai suna Hans, wanda aka yi ta yayatawa cewa yana lissafi, yana ba da amsa da buga kofato. A 1907 Oskar Pfungst ya nuna cewa dokin yana lura ne da ɗan motsin jikin mai tambaya idan bugun ya kai adadin da ake jira. Da aka sa wanda bai san amsar ba ya yi tambayar, sai lissafin doki ya rushe. Mutane sun fi doki iya karanta fuskar mai bincike, shi ya sa a gwaje-gwaje masu kyau ake ɓoye rukuni ga mai gwaji da wanda ake gwadawa baki ɗaya.

Daga nan sai ƙididdiga. Ana farawa da matsakaici da yadda alƙaluma suka warwatsu a kewayensa, a wuce zuwa gwajin kwatanta rukuni biyu, da na rukunai da yawa, da awon alaƙa tsakanin abubuwa biyu, wanda lambarsa ke tsakanin -1 da +1. Ana yin aikin a manhajar kwamfuta irin SPSS ko R ko JASP. Danna maɓallin ba wuya, fassara abin da ya fito ne aikin. Kurakurai uku ne nake gani suna maimaituwa shekara da shekaru.

Na farko, ɗaukar alaƙa a matsayin sanadi. An samu cewa matasan da suka fi daɗewa a kan waya sun fi damuwa, sai ɗalibi ya rubuta cewa waya tana jawo damuwa. Alhali tana yiwuwa damuwar ce ke sa mutum ya ƙule da waya, ko kuma kaɗaici ne ke haifar da duka biyun. Takardar tambayoyi da aka raba rana ɗaya ba za ta taɓa warware wannan ba.

Na biyu, rashin fahimtar lambar nan da ake kira p. An saba cewa in ta gaza 0.05 sakamakon ya "yi ma'ana". Abin da take nufi shi ne: da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa, samun sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi zai faru ƙasa da sau 5 cikin 100. Ba ta ce hasashenka gaskiya ne da kashi 95 ba, ba ta kuma ce bambancin yana da girma ba. Ga inda hatsarin yake: wanda ya yi gwaji 20 daban-daban a kan bayanan da babu komai a cikinsu, yiwuwar ya samu aƙalla ɗaya da ya "yi ma'ana" ta kai kusan kashi 64. Sai ya ɗauki wannan ɗayan ya rubuta, ya yi shiru a kan 19.

Na uku, ƙarancin mahalarta. Don a kama bambanci matsakaici tsakanin rukuni biyu, da damar kashi 80 ta ganinsa in yana nan, ana buƙatar kimanin mutum 64 a kowane rukuni. Mai mutum 15 a kowane gefe, ko bambancin na nan zai fi yiwuwa ya kuɓuce masa, in kuma ya dace ya gan shi, zai gan shi ya fi girmansa na gaskiya.

Waɗannan kurakurai ba na ɗalibai kaɗai ba ne. A 2015 wata babbar tawagar masu bincike ta wallafa sakamakon sake gwaje-gwaje 100 da aka buga a manyan mujallu uku na fannin. A asali 97 cikinsu sun ba da sakamako mai ma'ana. Da aka maimaita, kusan kashi 36 ne kawai suka sake bayarwa, girman tasirin kuma ya ragu da kusan rabi. Wannan ya girgiza fannin, kuma ina ganin alheri ne. Tun daga nan aka ƙarfafa al'adar rubuta hasashe da tsarin nazari a ajiye a fili kafin a tattara bayanai, don kada mutum ya ga sakamako sannan ya ɗinka masa hasashe. Duk manhajar da ba ta gaya wa ɗalibai wannan labari ba tana koyar da tsohon yayi.

A shekara ta biyu fannin yake buɗewa. Darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yakan zo wa mutane a ba-zata, domin kimiyyar halittu ce tsantsa. Ƙwaƙwalwar baligi ba ta wuce kilo 1.3 zuwa 1.4 ba, kusan kashi 2 na nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Ana so ɗalibi ya iya bayyana yadda saƙo ke tafiya: ƙwayar jijiya a hutu tana da caji kusan milibolt -70, in abin da ya taɓa ta ya ɗaga cajin zuwa wajen -55 sai ƙofofin sodiyam su buɗe, saƙon lantarki ya ruga har ƙarshen zaren, a can a saki sinadari ya tsallaka ɗan giɓin da ke tsakaninta da ƙwaya ta gaba. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai fahimci yadda maganin ciwon damuwa ko ƙwayar maye ke aiki ba, tunda yawancinsu a wannan giɓin suke taɓawa.

Yawancin abin da aka fara sani game da sassan ƙwaƙwalwa, daga mutanen da tsautsayi ya faɗa wa aka same shi. Phineas Gage, ma'aikacin titin jirgin ƙasa a Amurka, sandar ƙarfe ta ratsa gaban kansa a 1848, ya rayu amma aka ba da labarin halinsa ya sauya. Paul Broca a 1861 ya bayyana majiyyacin da ke fahimtar magana amma ya kasa furta ta, aka sami rauni a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Henry Molaison. A 1953, yana ɗan shekara 27, aka cire masa wani sashe na cikin ƙwaƙwalwa a gefe biyu don magance farfaɗiya. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ya daina ajiye sabon abu. Brenda Milner ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, aiki mai wuya ga kowa. Kullum yana ƙara gwanancewa, kullum kuma yana cewa bai taɓa yin aikin ba. Daga nan aka gane tunawa ba abu guda ba ce, ta ƙwarewar hannu daban, ta abubuwan da suka faru daban. Kuskuren ɗalibai a wannan darasi shi ne haddace cewa sashe kaza na tsoro ne, sashe kaza na soyayya. Kusan kowane aiki sassa da dama ne ke haɗuwa su yi shi.

Darasin gani da ji yana da daɗi domin mutum zai iya gwadawa a kansa. Ɗauki farar takarda, ka zana alamar giciye a hagu da ɗigo baƙi a dama, tsakaninsu santimita 8. Rufe idon hagu, ka kafa na dama a kan giciyen, ka riƙa jawo takardar daga tsawon hannu zuwa fuskarka a hankali. Wajen santimita 30 ɗigon zai ɓace. Ya faɗa daidai wurin da jijiyar gani ke fita daga ido, inda babu ƙwayoyin karɓar haske. Abin lura shi ne ba rami kake gani a wurin ba, farar takarda kake gani, domin ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ke kewaye.

Wannan cike gurbi shi ne kuma zuciyar darasin tunani da tunawa. Hermann Ebbinghaus a 1885 ya haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko sannan ta lafa. George Miller a 1956 ya ce abin da mutum ke iya riƙewa a kai lokaci guda bakwai ne, a ƙara biyu ko a rage biyu, bincike na baya kuma ya sauko da adadin zuwa wajen huɗu. Sai gwajin Elizabeth Loftus da John Palmer na 1974. An nuna wa mutane fim ɗin hatsarin mota, aka tambaye su gudun motocin, kalma ɗaya kawai aka sauya a tambayar. Waɗanda aka ce wa motocin sun "ragargaji juna" sun ƙiyasta kusan mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa sun "taɓa juna" kusan mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaya ko an ga fasasshen gilashi. Babu shi a fim ɗin, amma 16 cikin 50 na rukunin kalma mai zafi suka ce sun gani, a rukunin kalma mai sauƙi 7. Duk mai yi wa shaida tambaya, ɗan sanda ne ko lauya ko malamin makaranta, ya kamata ya san wannan. Shi kansa ɗalibi yana da riba nan take: bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a dare ɗaya, kuma rufe littafi ka yi ƙoƙarin tunowa ya fi sake karantawa amfani, duk da cewa sake karantawar ta fi sa mutum jin ya iya.

Darasin koyo ya ginu a kan karnukan Ivan Pavlov, waɗanda suka koyi zubar da yawu da jin alamar da ke zuwa kafin abinci, da akwatin B. F. Skinner, inda dabba ke koyon danna wani abu don ta sami abinci. Wurin da ake yawan faɗuwa a jarrabawa shi ne rarrabe horo, wato hukunci, da ƙarfafa hali ta hanyar ɗauke abu. Horo yana rage hali. Ɗauke abin ƙi bayan an yi hali kuwa ƙara halin yake, kamar ƙarar da mota ke yi har sai an ɗaura bel. Wani abu mai amfani shi ne cewa ladan da ke zuwa jefi-jefi ba a san ranarsa ba ya fi kafa hali a kan wanda ke zuwa kullum. Yaron da yake kuka a shago, uwarsa ta hana shi sau huɗu ta ba shi a na biyar, an koya masa cewa nacewa tana biya, kuma zai fi wanda ake ba kullum wuyar dainawa. Caca ma da wannan take riƙe mutane.

A darasin girma da tasowa, Jean Piaget ne ke cin kaso mafi tsoka, da matakansa huɗu: haihuwa zuwa shekara 2, 2 zuwa 7, 7 zuwa 11, sai daga nan sama. Gwajinsa sananne ne. A zuba ruwa daidai a kofi biyu iri ɗaya, yaro ya yarda daidai suke, a juye ɗaya cikin kofi dogo siriri a gabansa, a sake tambaya. Ɗan shekara 4 ko 5 yakan ce na dogon ya fi yawa. Amma nan ma hanyar bincike ta dawo: an gano cewa maimaita tambaya ɗaya sau biyu yana sa yaro ya zaci amsarsa ta farko ce ba daidai ba, in aka yi tambayar sau ɗaya yara da yawa sukan ci. Ana kuma karanta aikin John Bowlby da Mary Ainsworth kan shaƙuwar jariri da mai renonsa, inda abin da ake lura da shi ya fi karkata ga yadda ɗan shekara ɗaya yake tarbar uwarsa in ta dawo ɗakin, fiye da kukan da ya yi da ta fita. Darasin ba ya tsayawa a yarinta, yana bin mutum har tsufa.

Darasin zamantakewa shi ne wanda aji ke cika. Solomon Asch a farkon shekarun 1950 ya zaunar da mutum cikin waɗanda aka haɗa baki da su, aka nuna layuka masu bambancin tsawo ƙarara, suka ba da amsar kuskure da gangan. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin sun bi jama'a, kuma kusan kashi 75 na mutanen sun bi aƙalla sau ɗaya. Da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya, bin ya ragu ƙwarai. Stanley Milgram a jami'ar Yale, daga 1961, ya sa mutane danna maɓallan da suke zaton suna jona wa wani lantarki, daga bolt 15 ana hawa har 450. Mutum 26 cikin 40 sun kai ƙarshe don kawai mai kula da gwajin ya ce a ci gaba. Gwajin kurkuku na jami'ar Stanford na 1971, inda aka raba ɗalibai wasu fursunoni wasu masu gadi, wanda aka tsara mako biyu aka tsayar a kwana shida, yanzu ana koyar da shi da taka-tsantsan, domin bayanai sun fito cewa an zuga masu gadin su tsananta. Daga irin waɗannan ake shiga darasin ɗa'ar bincike: yardar mahalarci bayan an yi masa bayani, 'yancinsa na janyewa ko yaushe ba tare da ya rasa komai ba, ɓoye sunansa, bayyana masa gaskiya a ƙarshe in an ɓoye masa wani abu, da izinin kwamitin ɗa'a kafin a taɓa ko mutum ɗaya. Yara kuma sai da yardar iyaye.

Kwas ɗin da na fi so a ƙara wa lokaci shi ne na ƙirƙirar ma'auni. Tambayoyi biyu ake yi wa kowane gwajin basira ko ɗabi'a: yana ba da amsa ɗaya in an maimaita, kuma abin da ya ce yana aunawa shi yake aunawa? Sikelin da kullum yake ƙara kilo uku ya ci tambaya ta farko, ya faɗi ta biyu. Ana auna jituwar tambayoyin ma'auni da lambar alfa ta Cronbach, an saba neman 0.70 ko sama. Gwajin basira na zamani ya samo asali daga Alfred Binet da Théodore Simon a Faransa a 1905, don gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Yau an tsara makin ya zama matsakaicinsa 100, kimanin kashi 68 na mutane suna tsakanin 85 da 115, kashi 95 tsakanin 70 da 130. Makin ba shi da ma'ana sai an kwatanta shi da jama'ar da aka daidaita gwajin a kansu, don haka ɗauko gwaji daga wata ƙasa a ɗora wa yaran wata ba tare da sabon daidaitawa ba zalunci ne. A ɓangaren ɗabi'a, tsarin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne na manyan siffofi biyar: son sabon abu, tsare aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai, da saurin damuwa. Gwaje-gwajen intanet masu raba mutane gida-gida kuwa, maganinsu labarin Bertram Forer ne. A 1948 ya ba ɗalibansa bayanin halinsu, suka ba shi maki wajen 4.3 cikin 5 don dacewa, alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa.

Akwai giɓin da dole a faɗa. Wani nazari na 2008 ya nuna cewa kusan kashi 96 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, waɗanda ke da kusan kashi 12 na al'ummar duniya. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. Duk lokacin da littafi ya ce "mutane suna yin kaza", ɗalibi ya tambaya: waɗanne mutane?

Darasin larurorin ƙwaƙwalwa yakan zo a shekara ta uku. Ana aiki da kundi biyu, DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka da ya fito a 2013 aka sabunta shi a 2022, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. Ka'idojin suna da tsauri fiye da yadda ake zato. Babban ciwon damuwa, a kundi na farko, sai an sami alama 5 cikin 9 na tsawon mako biyu aƙalla, ɗaya daga ciki ta zama ƙuncin rai ko gushewar sha'awar abubuwa. Sauran su ne sauyin cin abinci ko nauyi, sauyin barci, sanyin jiki ko rashin natsuwa da wasu ke iya gani, gajiya, jin rashin daraja ko laifi, kasa tattara hankali, da tunanin mutuwa. Dole kuma abin ya taɓa aikin mutum ko zamansa da jama'a, a kuma tabbatar ba wata cuta ta jiki ba ce kamar matsalar maƙoƙo, ko tasirin wani magani. Ana gabatar da hanyoyin jinya, musamman ta gyaran tunani da hali da Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, amma gabatarwa ce kawai.

A wannan zangon ɗalibai sukan fara ganin kowace larura a jikinsu, sannan su koma kan 'yan uwa da abokai. Lissafi ɗaya yana isa ya tsayar da su. A ce larura tana samun mutum 1 cikin 100, gwajin tantancewa kuma yana kama kashi 90 na masu ita, yana wanke kashi 90 na marasa ita. Cikin mutum 1,000, goma ke da ita, gwajin zai kama 9. Cikin 990 masu lafiya zai nuna 99 bisa kuskure. Ke nan cikin 108 da gwajin ya nuna, 9 ne kaɗai ke da larurar, kusan kashi 8. Ina faɗa wa kowane ɗalibi da babbar murya: digirin farko bai ba ka ikon tantance kowa ko yi masa jinya ba. A yawancin ƙasashe sai an ƙara babban digiri, da horo ƙarƙashin kulawar ƙwararre, da rajista da hukuma. Likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani kuma hanyarsa daban ce, karatun likitanci yake yi tukuna.

Shekarar ƙarshe ta zaɓi ce: halayyar ma'aikata da wuraren aiki, koyo da koyarwa, lafiya, shari'a da laifuka, wasanni, harshe, bambancin al'adu. Kowanne ɗanɗano ne na zango ɗaya, ya ishi mutum ya san inda zai dosa.

Sai kundin kammalawa, inda duk abin da aka koya yake haɗuwa. Jerin aikin shi ne tambaya, nazarin abin da aka riga aka rubuta, hasashe, zaɓen ma'auni, izinin ɗa'a, gwajin share fage, tattara bayanai, nazari, rubutu. Matsala ta farko kusan kullum faɗin tambaya ce. "Tasirin kafofin sada zumunta a kan matasa" ba ya yiwuwa a wata shida. "Alaƙar mintunan amfani da waya bayan ƙarfe 10 na dare da ingancin barci a tsakanin ɗaliban shekarar farko" yana yiwuwa. Ta biyu, ɗalibi ya zauna ya ƙirƙiri tambayoyinsa alhali akwai ma'aunin da aka riga aka inganta. In ma'aunin yana wani harshe, mutum ɗaya ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar harshen farko, a kwatanta a gyara. Gwajin share fage da mutum 10 zuwa 15 yana tona tambayar da ta haɗa abu biyu, irin "ina son malamaina da darussana", wadda mai son ɗaya ban da ɗaya ba shi da amsar da zai ba ta. A kuma kula da tambayoyin da aka juya ma'anarsu da gangan: a ma'auni mai maki 1 zuwa 5, sai an mayar da 5 ta zama 1, 4 ta zama 2, kafin a tara. In aka manta, lambar alfa takan faɗi warwas, wani lokaci har ƙasa da sifili, ɗalibi ya ɗauka ma'aunin ne ya lalace. Izinin kwamitin ɗa'a yakan ci makonni, don haka a nema da wuri, domin bayanan da aka tattara kafin ya fito ba a karɓarsu. In kuma nazari ya nuna babu bambanci, a rubuta hakan yadda yake, a faɗi adadin mahalarta da girman tasirin da aka gani da abin da binciken bai isa ya kama ba. Mai duba kundi yana ba da maki ne a kan tsari da gaskiyar fassara, kuma na sha ba kundin da bai sami komai ba maki sama da wanda lambar p ɗinsa ta yi kyau amma aka sauya hasashensa bayan an ga sakamako.